Sa'a ce kawai ta ɗaukaka J.K. Rowling?

Malam, ka tambaya ko sa'a ce kaɗai ta kai marubuciyar Harry Potter inda take. A'a, akwai aiki a ciki. Kamfanonin ɗab'i 12 ne suka ƙi littafin farko kafin Bloomsbury ta buga shi a 1997, kwafi 500 kacal. Abin da ya riƙe masu karatu shi ne tsari: littattafai bakwai, kowanne shekara guda a rayuwar Harry, ɗalibin makarantar koyon sihiri ta Hogwarts, yaron yana girma tare da masu karanta shi har zuwa 2007.

Masu suka ma suna da gaskiyarsu. Littafi na biyar ya yi tsawo fiye da kima, kuma a ganina shahararta ce ta hana editoci rage shi.