Kisa, turmi da gayya a damben Joshua da Ruiz

Wani ɗalibi daga Funtuwa ya rubuto: "Malam, gardama ta kaure a majalisarmu kan damben Anthony Joshua da Andy Ruiz na 2019. Abokina ya ce Ruiz ya kashe Joshua har sau huɗu, ni kuma na ce wannan ba Hausa ba ce, mutum ba ya mutuwa sau huɗu. Wa ke da gaskiya?"

Ɗana, abokinka ya ɗauko kalmar daga inda take, sai dai ya kai ta inda ba ta zauna daidai ba. A bakin 'yan damben gargajiya, kisa ba ɗaukar rai ba ne. Idan ɗan dambe ya naushi abokin karawarsa har ya kai ƙasa, ko da hannu ya dafa ko gwiwa ta taɓa, an yi kisa, wasa ya ƙare, makaɗa su ɗauki kirarin wanda ya yi nasara. Shi wanda aka kashe zai tashi ya karkaɗe jikinsa, gobe ma ya sa zare, wato ya sake shiga dambe. Harshen fagen dambe harshen yaƙi ne tun asali, shi ya sa hannun da aka naɗe ake ce masa mashi, ɗayan kuma garkuwa. Inda akwai mashi da garkuwa, ba abin mamaki ba ne a ji kisa.

To amma damben boksin dokarsa daban. Wanda ya faɗi ana ƙirga masa har 10, in ya miƙe kuma alƙalin wasa ya gamsu da lafiyarsa, a ci gaba. Dubi abin da ya faru ranar 1 ga Yunin 2019 a Madison Square Garden da ke New York. Joshua ya shiga fage da kambun duniya na ajin masu nauyi na hukumomin boksin na WBA da IBF da WBO, ya yi wasa 22 ba a taɓa cin sa ba. A turmi na 3 shi ne ya fara kai Ruiz ƙasa. Da a fagen dambe na Kano ko Sakkwato ne, nan magana ta ƙare, Joshua ya yi kisa. Sai Ruiz ya tashi, ya kayar da shi sau biyu a turmin nan, ya ƙara sau biyu a turmi na 7, alƙali ya tsayar da wasa. Saboda haka Hausar da ta dace ita ce: Ruiz ya kayar da Joshua sau huɗu, ya kashe shi a turmi na 7. Kisa sau ɗaya ake yin sa a wasa ɗaya. Ina roƙon masu ba da labarin wasanni su riƙe wannan bambanci, don kalmar tana da nauyi, bai kamata a yi ta watsa ta kan kowace faɗuwa ba.

Kalmar turmi kuwa ta shiga boksin ba tare da wata matsala ba. A ganina daga daka aka aro ta: mace ta zuba hatsi ta daka ta kwashe, turmi ɗaya ke nan, ta huta ta sake zubawa.

Wata malamar makaranta daga Damagaram ta tambaya: "Na ji ana cewa 'raina kama ka ga gayya' a kan wannan dambe. Mece ce gayya a nan?"

Malama, karin maganar ya dace da Ruiz ƙwarai. Kama ita ce siffa, abin da ido ya fara gani. Ruiz mai ƙiba ne, ga tumbi, Joshua ya fi shi tsawo da murɗaɗɗen jiki, kuma makonni kaɗan kafin wasan aka ɗauko Ruiz ya maye gurbin Jarrell Miller da ya faɗi gwajin ƙwayoyi. Mutane da yawa sun raina shi tun kafin a buga ƙararrawa.

Gayya tana da ma'ana biyu. Akwai ta aiki, wadda ake gayyato jama'a su taru a gonar mutum ɗaya. Akwai kuma ta ɓacin rai, abin da aka yi da gangan don ya yi wa wani zafi, wadda muke ji a "ramuwar gayya". Ni na fi karkata ga ta biyun a wannan karin magana: wanda ka raina zai yi maka abin da zai ƙona maka rai, kuma a bainar jama'a. Wasu na fassara ta da ta farko, wato mutum ɗaya ya yi aikin taro, ban kuwa ce sun yi kuskure ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce karawarsu ta biyu, ranar 7 ga Disambar 2019 a Diriyya ta Saudiyya, ramuwar gayya ce da ta fi ta gayya zafi. Joshua ya karɓo kambunsa, gaskiya ne, amma da maki, yana naushi yana ja da baya har turmi 12, ba wanda ya kai ƙasa. Da tsohon ɗan damben gargajiya ne ya kalla, cewa zai yi an tashi babu kisa.