Ni ɗan kabu-kabu ne, ina son shiga aikin agaji, ta ina zan fara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne nan Damagaram, Garin Malam nake. Kwanaki aka yi hatsari a gabana kan hanyar Mirya, yaro kwance jini na ta zuba mu kuma mun yi cirko-cirko ba wanda ya san abin yi, har yau abin na raina. Ina son shiga agaji amma ban gane ba, 'yan agajin masallaci da Croix-Rouge duk abu guda ne? Wani abokina ma ya ce Croix-Rouge ta kiristoci ce saboda alamarta ta jan gicciye. Kuma ana biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka da wannan niyya. Ba abu guda ba ne. 'Yan agajin da kake gani da kaki ranar Juma'a ko filin Idi ko wajen wa'azi na ƙungiyoyin addini ne, yawancin aikinsu tsara sahu, gyara hanya, tsaron ababen hawa, kai gawa maƙabarta, kuma wallahi suna ƙoƙari, duk wanda ya taɓa shiga cunkoson hawan sallah a ƙofar fada ya san amfaninsu. Sai dai ba kowane mai kaki ne aka koya wa tsaida jini ba, wasu sun yi formasiyo, wato horo, wasu fareti kawai suka iya. Ita Croix-Rouge ta Nijar an kafa ta a 1963, hedkwatarta na Yamai, tana da reshe a kowace jiha har da nan, kuma koyar da agajin farko na cikin manyan ayyukanta.

Maganar abokinka kuwa na sha jin ta. Asalin abin wani mutumin Suwizalan ne, Henry Dunant, ya ga yadda aka bar sojoji masu rauni yashe bayan yaƙin Solferino a Italiya a 1859, daga nan aka kafa kwamitin Croix-Rouge na duniya a Janeba a 1863. Alamar tutar ƙasarsu ce aka juya launinta. Turkawan Usmaniyya ma sun yi irin tunanin abokin naka, a 1876 suka sa jinjirin wata, shi ya sa Libiya da Aljeriya wata suke sawa, amma gida ɗaya ne, kuma a ƙa'idarsu ba a tambayar mai rauni addininsa ko ƙabilarsa.

Biya? Babu albashi, kar wani ya yaudare ka. Wani lokaci in an fita kamfen na rigakafi ko rabon gidan sauro ko ambaliya akan ba da ɗan na abinci da na mai, shi ke nan. Kar ka ajiye mashin ɗinka saboda shi.

To yanzu ga abin da ya fi damuna, shekara da shekaru ina koyar da wannan aiki, kuma abin da na fi fama da shi ba rashin sani ba ne, taimakon ganganci ne. Mutum ya faɗi an taru a kansa, wannan ya ja hannu wancan ya ja ƙafa, an cusa shi tsakiyar mashin kai na lilo, alhali in wuya ko gadon baya ya taɓu wannan ɗaukar ce za ta nakasa shi ba faɗuwar ba. Wanda ya suma a ɗura masa ruwa, ruwan ya tafi huhu. Ƙuna a shafa man goge baki ko ƙwai, bayan ruwa kawai take so, mai sanyi ba ƙanƙara ba, minti 20 ana zubawa. Mai farfaɗiya kuma ko a gudu a bar shi wai ana ɗauka, ba a ɗauka, ko a tura masa cokali a baki, kai dai ka janye abin da zai ji masa ciwo, in ta lafa ka kwantar da shi ta gefe.

Yaron nan na hanyar Mirya, abin da yake buƙata ƙyalle mai tsabta ne, ko rawani ko rigarka, ka danne bakin ciwon da ƙarfi kar ka riƙa ɗagawa kana leƙe, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai, ba ƙasa ba toka ba garin taba. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai kira 18, 'yan kwana-kwana, don in ka ce a kira kowa zai zata wani ya kira.

Danna ƙirji na wanda numfashinsa ya tsaya, 30 sannan busa 2, ko yaron da aka ciro daga tafki da damina, wannan ba na koyar da shi a rubuce, sai hannu ya taɓa mutum-mutumin roba an gyara maka. Don haka ka je ofishin Croix-Rouge na jiha ka tambayi yaushe za a buɗe formasiyo na gaba da abin da ake kawowa, in ma ka tara 'yan tasharku goma sha ku tafi tare ya fi, an fi saurin sauraron ƙungiya. Kafin nan ka sa safar hannu ta roba da bandeji biyu a ƙarƙashin sirdi.