Injin sassaƙa mai canza baki da kansa: kafin ka tura kuɗi Chaina

Wani Alhaji mai shagon kafinta a Mabera, cikin garin Sakkwato, ya aiko min da tambaya. Shekara uku ke nan yana da injin CNC, irin wanda kwamfuta ke ba umarni ya sassaƙa ƙofofi da kan gado da durowar kicin, amma duk sanda za a sauya baki, wato ƙarfen da ke yankan, sai an tsayar da shi an kwance da sifana. Ya ce a rana mai aiki sukan yi haka kamar sau 30, kowanne ya ci minti huɗu. Yanzu dillali ya nuna masa bidiyon wanda ke ajiye baki ya ɗauki wani da kansa, kuma yana son saye kafin bukukuwan bayan Sallah su kankama. Abu biyu suka tsaya masa a rai: kuɗin zai fito kuwa? Yaran shagon kuma za su tsira da yatsunsu?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Lissafin farko kai ka kawo shi da bakinka. Sau 30 a minti huɗu, awa biyu ke nan kullum inji na tsaye, janareta na shan gas, yara na neman sifana. Mai canzawa da kansa yakan gama wannan cikin daƙiƙu. Idan har aikin kayan ɗaki ya yi maka yawan da kake mayar da iyayen amare saboda ba za ka cika alkawari ba, awa biyun nan kuɗi ne, kuma ina goyon bayan sayen. Idan kuwa rabin mako injin da kake da shi a lulluɓe yake, to ba lokaci ka rasa ba, kwastoma ka rasa, sabon inji kuma ba ya kawo su. Ɗauko littafin odarka na wata shida ka duba, kada ka dogara da watan da ya fi kowanne albarka.

Abin da dillali ba ya nunawa a bidiyo shi ne iska. Mariƙin baki, galibi samfurin da ake kira ISO30 a irin injinan nan masu faɗin milimita 1300 da tsawon 2500, wasu sifirin masu ƙarfi ne ke damƙe shi a cikin kan injin, wato sashen da ke juya bakin, iskar kwamfiresa kuma ita ke tura su su sake shi. Yawancinsu suna son ƙarfin iska na bar 6 zuwa 7, ba hawa ba sauka. In iska ta yi rauni a tsakiyar canji, kan injin zai iya tashi bai gama sakin mariƙin ba, ya fizge shi ya karya cokalin da ke tallafe da shi a gurbin ajiyarsa. Mafi muni, ya kama sabon rabi da rabi. Saboda haka a kasafinka ka sa kwamfiresa mai tanki babba wanda ba kowa ke jan iska daga gare shi ba. Kada mai fenti ya jona bindigarsa a layi ɗaya. Ka sa na'urar busar da iska da abin tace ta. Da damina, buɗe ƙasan tankin da safe ka ga ruwan da zai zubo, mai launin tsatsa. Wannan ruwan in ba a tare shi ba cikin kan injin yake tafiya, kan injin kuwa shi ne abu mafi tsada a jikinsa. Ƙara da wuta mai layi uku, da sitabilaiza, da mariƙai na ajiya, da kuɗin fito a tashar Legas, da tirelar da za ta jawo shi har Sakkwato, da masaukin injiniyan da zai haɗa. In kuɗin hannunka iya na injin ne kawai, ka dakata tukuna.

Sai batun yara, kuma a nan zan daɗe, domin shi ya fi damuna.

Tsohon injinka ba ya zuwa wurin da ba a yanka. Yaranka sun saba: in yana sassaƙa a wannan kusurwa, waccan lafiya lau ce, har jingina suke yi. Sabon ba haka yake ba. Yana cikin yanka zai ɗaga kai ya sheƙa a guje zuwa jerin bakunan da ke can baya, ba ƙararrawa ba sallama. Na taɓa tsayawa a wani shago ina kallo, wani saurayi ya zagaya baya ya miƙa hannu zai cire guntun MDF, falankin nan na matsattsen garin katako, da ya faɗa tsakanin mariƙai biyu. Ƙarar yankan ta yanke, shi bai lura ba. Maigidan ne ya finciko shi ta wuyan riga, gadar da ke ɗauke da kan injin ta wuce daidai inda kafaɗarsa take. Yaron dariya ya yi. Ni kuwa sai da na nemi benci na zauna.

Don haka ranar da aka kafa shi, kafin a yanka ko falanki ɗaya, a shafa layin fenti a ƙasa kewaye da shi, bayan kuma a gina masa shinge na ƙarfe, kada a bar shi a matsayin hanyar wucewa. Mutum ɗaya ne zai riƙe injin a kowane lokaci, shi ke danna farawa, shi ke da alhakin dubawa ko akwai wani a ciki. Yaran unguwa masu zuwa kwasar garin katako su tsaya a bakin ƙofa a miƙo musu. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, carbi a wuya, rawani mai jela, duk a rataye su a ƙusa. Har kai, Alhaji, in ka shigo da baƙi za ka nuna musu. Duk wanda zai sa hannu cikin jerin bakuna ko ya taɓa kan injin don gyara, ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, makullin ya shiga aljihunsa, ya sauke iskar layin. Maɓallin dakatarwa na kan allo ba kwaɗo ba ne, kowa zai iya danna shi ya ci gaba. Jan maɓallin gaggawa kuma kowa a shagon ya san inda yake, a gwada shi duk safiya. In an kira Azahar a tsayar da aiki, kada a bar shi yana yanka ba kowa, garin MDF da baki mai zafi ba su da wuyar tada gobara.

Kan irin wannan injin yana kai juyi 24,000 a minti, wato 400 a daƙiƙa ɗaya. Mariƙin da bai zauna daidai ba a wannan gudu, harsashi ne. Abin da ke hana shi zama kuwa ƙura ce, mu kuma nan ba mu rasa ta ba, ga ta katako ga hazon hunturu da ke shiga ko'ina. Kullum a goge tsinin mariƙai da cikin ramin da suke shiga da ƙyalle mai tsabta marar zare. A duba ɗan kan ƙarfen da ke saman mariƙi, wanda ake cafka. In ya sassauta ko ya lotsa a canza shi, kuma a sayi irin wanda kamfanin ya rubuta, domin suna kama da juna a ido amma ba ɗaya ba ne. Mariƙin da ya faɗi ƙasa a ware shi. Kada a juya kan injin ba mariƙi a ciki, kada kuma a kwana da wanda ya yi zafi a ciki, yakan maƙale. Manyan bakuna na share fuskar katako ba sa ɗaukar cikakken gudu, kowanne da iyakarsa a rubuce.

Akwai ƙananan na'urori a cikin kan injin da ke gaya wa kwamfuta cewa an kama, an saki, juyi ya tsaya. Wata rana ɗaya daga cikinsu za ta fara ƙorafi, aiki ya tsaya, uwar amarya tana waya, wani mai gyara ya ce bari ya haɗa waya ya tsallake ta. Ina roƙonka kada ka yarda, ko da za ka biya kuɗin saɓa alkawari.

Ɗaukewar wuta ma tana da nata tarko. Injin yana aiki ne da lamba: baki na uku gurbinsa na uku. In wuta ta yanke ana tsakiyar canji, zai iya farkawa yana zaton na uku ne a kansa alhali na biyar ne, ya je ya danna shi a gurbin da ke cike. Dokar ita ce, bayan kowace ɗaukewa a mayar da shi gida, wato inda yake farawa, a duba da ido abin da ke kansa, a duba abin da allo ya ce, sai sun yi daidai. A rubuta lamba a jikin kowane mariƙi da kowane gurbi. Duk bakin da aka sauya a sake auna tsawonsa, in ba haka ba zai nutse cikin tebur ko ya lalata maka allon da ka riga ka biya.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi dillalin ya rubuta maka sunan kamfanin da ya ƙera kan injin, irin mariƙin, ƙarfin iskar da yake so, da kwana nawa injiniya zai zauna yana koyarwa. Ka ware mutum biyu su koya, ba ɗaya ba, ka kuma gyara musu albashi, don wanda ya iya wannan injin Kano da Abuja za su yi zawarcinsa. Ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an kafa shi a Mabera ya yi canji sau 50 a jere a gabanka ba tangarɗa. Tsohon injin kuma kada ka sayar a shekarar farko. Ranar da cokali ya karye kana jiran wani daga Chaina, shi zai fitar maka da gadon amarya.