Dagwalon Majemar Zamani da Tokar Falwaya: Ko Sun Dace da Lambu?

Tambaya: Ina noman rani kusa da Kogin Challawa a Kano. An ba ni tayin busasshen dagwalon masana'antar fata da gutsattsarin fata, wai taki ne mai ƙarfi. In karɓa?

Amsa: Malam, kada ka karɓa. Gaskiya ne fata na ɗauke da sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, amma jimar zamani ba da bagaruwa ake yin ta ba kamar ta majemanmu na gargajiya. Da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam ake yi, shi ya sa za ka ga gutsattsarin sun yi shuɗi-shuɗi.

Kuromiyam kuwa, idan ya haɗu da iskar oksijin, fuska biyu gare shi. Akwai kore, da masana ke kira mai lamba uku, wanda ake sawa a fenti da maganin goge ƙarfe. Ba ya narkewa a ruwa, cutarwarsa kaɗan ce. Akwai kuma ja mai duhu, mai lamba shida, wanda ake shafe ƙarfe da shi ya yi ƙyalli. Wannan yana narkewa nan take, ruwan ya koma rawaya, yana cin fata har ya zama gyambo, shaƙar ƙurarsa kuma na jawo sankarar huhu. Na majema mai lamba uku ne, sai dai a ƙasa mai sinadarin manganis yana iya rikiɗewa ya koma mai shida. Ƙona gutsattsarin ma na rikiɗar da shi, don haka masu cinna musu wuta a gefen gona su daina.

Kuma ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da ka zuba bana, jikanka zai tarar da shi. Ga gishirin da ake adana ƙirgi da shi, wanda ke sa ƙasa ta yi fari-fari a sama, tsiro ya tsumbure tun kafin a zo maganar guba.

Idan gonar ta riga ta sha ruwan dagwalon majema, ka guji karas da sauran abin da ake cin saiwarsa, don a saiwa kuromiyam ya fi taruwa. Ka yawaita takin shanu ruɓaɓɓe, yana mayar da mai shida zuwa mai uku. A kai ƙasar da ruwan rijiyar gonar awo. Iyakar kuromiyam da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 0.05 a lita ɗaya.

Tambaya: Tsohuwar falwayar katako muka faskare muka yi girki da ita. Tokar fa?

Amsa: Hajiya, in katakon na da launin kore-kore, an jiƙa shi da maganin gara mai kuromiyam da tagulla da gubar asenik. Kada tokar ta shiga lambu ko akurkin kaji, balle a tace ta don miya. A binne ta nesa da rijiya, ragowar katakon kuma kada ya sake shiga murhu.