Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Tambaya: Malam, na je Tanzaniya na ji ana ce wa mota "gari". Daga wurinmu suka ara?

A'a, ɗana. "Gari" ta Sawahili daga Indiya ta zo, daga kalmar Hindi da Urdu mai nufin abin hawa. Namu kuwa kashi biyu ne: garin da ake zaune a ciki, da garin tuwo, wanda ake jan wasalinsa na farko. Rubutun boko ne ya haɗa su, don ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti.

Tambaya: An ce Hausa da Jafananci dangi ne, tunda akwai sunan Kano a Japan. Gaskiya ne?

Wannan magana tana damuna ƙwarai, musamman da nake jin ta a bakin waɗanda suka yi karatu. E, akwai Jigoro Kano, wanda ya kafa wasan judo a 1882. To sai me? Kanonmu, bisa tarihin baka, sunan maƙeri ne da ya zo Dala daga Gaya neman tama. Me ya haɗa shi da Tokiyo? Baƙaƙe da wasulan da bakin ɗan Adam ke furtawa ba su da yawa, harsuna kuwa sun kai dubu bakwai, dole a yi ta kiciɓis. Ɗauki "bara": a wurinmu shekarar da ta wuce, ko roƙon almajiri, ko mai hidima, a harshen Wales burodi, a Suwidin "kawai", a Jafananci furen wardi. Duk dangi ne ke nan? Kama da wane ba wane ba ne. Dangantaka sai an ga sauti na canzawa bisa ƙa'ida ɗaya a ɗaruruwan kalmomi, kamar yadda aka tabbatar tsakanin Hausa da harsunan Bole da Angas na Arewacin Najeriya. Ku je can ku nemi 'yan'uwa, ga su kusa da ku.

Tambaya: "Riba" ta Sawahili fa?

Nan kam akwai haɗi, daga Larabci. Su kuɗin ruwa kawai suke nufi. Mu mun ari kalmomi biyu, ribhu ta ciniki da riba haramtacciya, muka rubuta su iri ɗaya.

Tambaya daga Kumasi: "kasa" a harshen Tuwi na ƙasar Gana tana nufin magana. Ita ce "kasa" ta Hausa?

Wacce daga ciki, 'yata? Macijiya, ko gazawa, ko kasa tumatir a kasuwa? Babu wadda ta shafi Tuwi. In kuma ƙasar haihuwa kike nufi, don Allah ki sa mata ƙugiyarta.