Amsar tambayar Anti kan yara masu jin Sifaniyanci

Assalamu alaikum jama'a. Anti, na saurari tambayarki, wai me ya sa yara masu jin Sifaniyanci a makarantun Amurka, aji ɗaya, malama ɗaya, sai wani ya kama Turanci da wuri, wani kuma ya daɗe yana fama. To, ni a nan Texas nake koyarwa, kullum da su nake wuni.

Ki sani, tun daga gida suka bambanta. Yaran da ke koyon Turanci a makarantun gwamnati sun kai wajen miliyan 5, kusan kashi 3 cikin 4 Sifaniyanci ne harshen gidansu. Amma da yawansu a nan Amurka aka haife su, wani kuma bai daɗe da zuwa daga Honduras ba. Akwai 'yan Gwatamala da harsunan gargajiya na ƙasarsu, Mam ko K'iche', suke yi da iyayensu, Sifaniyancin ma koyonsa suka yi. A takarda kuwa duk an haɗa su wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da bakinsa ya buɗe. A filin wasa za ki ji shi yana zuba Turanci, kowa ya ce ai ya iya. Ki ba shi shafi ɗaya na kimiyya, sai ya yi ta juya fensir, ƙarshe a ce malalaci ne. Wallahi ba lalaci ba ne. Jim Cummins, masani a Kanada, ya daɗe da nuna cewa Turancin hira kan samu cikin kamar shekara 2, amma na karatu da rubutu yakan ci shekara 5 zuwa 7. Shi ya sa jarrabawarmu ta TELPAS, wadda ake gwada Turancin yaran da ita a Texas, take auna sauraro, magana, karatu da rubutu kowanne daban.

Ga kuma yarinyar da ta yi firamare sosai a Meziko. Watanni tana shiru a kusurwa, amma ta riga ta san karatu da lissafi da harshenta, sai ki ga ta sha gaban masu surutun.

Kin ga ke nan ƙarfin yaro a harshen gida taimaka masa yake yi a makaranta. Don haka maƙwabciyar taki da kika ce ta hana 'ya'yanta Sifaniyanci a gida, don Allah ki ce mata ta koma yi musu shi, ta riƙa karanta musu littafi da shi da daddare.