Kaset ne ya riga faifai

Malam, ka tambaya ko mujallun kwamfuta da ake rabawa ba a takarda ba sun fara ne da faifan floppy, wato faifan ajiyar bayanai na tsofaffin kwamfutoci. A'a, kaset ne ya riga shi. A 1978 aka fara mujallar CLOAD don kwamfutar TRS-80, da mujallar Cursor don kwamfutar Commodore PET, dukkansu a Amurka, kuma a kaset irin na rediyo ake aika wa masu biyan kuɗi ta gidan waya. Ta faifai kuwa, wadda ta yi suna ita ce Softdisk, da aka fara a 1981 a Shreveport ta jihar Louisiana don kwamfutar Apple II. Kamfanin da ya yi Softdisk ne ya fito da mujallar Loadstar a 1984 don kwamfutar Commodore 64.

Dalili kuwa kuɗi ne. A lokacin na'urar karanta faifai tsada gare ta sosai, rikoda kuwa kusan kowane gida akwai. Amma kaset sai mai haƙuri. Idan ka gwada buɗe kwafinsa a manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, irin su VICE, za ka zauna jira kafin shiri ɗaya ya hau. Ni dai na fi son na faifan.